Orange Days: Tambayoyi da Amsoshi kan Wasan Soyayyar Japan da Ake Yi da Hannu

Masu kallon fassarar Indiya da masu bin wasannin Koriya sun yi yawa a cikinmu, amma wasannin talabijin na Japan, waɗanda su Japanawan ke kira dorama, har yanzu baƙi ne. Duk wanda ya ce in zaɓa masa guda ɗaya ya fara da shi, Orange Days nake miƙa masa. Ga tambayoyin da suka fi biyo baya, da amsoshinsu gwargwadon yadda na fahimci shirin.

Wane shiri ne, kuma yaushe aka yi shi?

Wasan kwaikwayo ne mai kashi 11 da tashar TBS ta Japan ta nuna daga 11 ga Afrilu zuwa 20 ga Yunin 2004, kowace Lahadi da ƙarfe tara na dare. Wannan sa'a ta daren Lahadi tana da suna a wurinsu, Nichiyo Gekijo, kuma tun 1956 tashar ke nuna wasan kwaikwayo a cikinta. Kitagawa Eriko ce ta rubuta labarin. Tsumabuki Satoshi ne ya fito a matsayin Yuki Kai, Shibasaki Ko kuma ta fito a matsayin Hagio Sae. Na rubuta sunayen yadda Japanawa ke jera su, sunan gida a gaba, na yanka a baya.

Labarin me yake bayarwa?

Ɗalibai biyar ne a shekararsu ta ƙarshe a jami'a. Kai yana karanta fannin kula da jin daɗin al'umma, yana kuma yawon neman aiki, kamfanoni na ta maido shi. Wata rana ya dawo makaranta a gajiye sai ya ji sautin goge irin na Turawa, wanda ake kira bayolin. Ya bi sautin ya tarar da wata yarinya tana ja ita kaɗai. Da ta gama sai ta miƙo masa hannu, irin na makaɗin da ke jiran tukuici. Shi kuwa ba abin da ke hannunsa sai lemu guda, sai ya ɗora mata a tafi.

Daga baya ne ya gane ba ta ji. Sae ta taso da baiwar kiɗa, har ta tafi karatu ƙasar waje, sai ciwo ya tafi da mafi yawan jinta shekara huɗu kafin labarin ya fara. Tun daga nan ta rufe baki, ba ta magana sai da hannu. An haɗa ta fita da abokin Kai mai suna Keita, shi kuwa da ya ji kurma ce sai gabansa ya faɗi, ya tura Kai a madadinsa, tunda Kai ya koyi maganar hannu a karatunsa. Daga wannan fitar ta wurin wasan lilo komai ya tashi.

Me ya kawo lemu cikin sunan?

Lemun da Kai ya ba ta shi ne na farko. Bayan nan su biyar ɗin suka raɗa wa kansu suna Ƙungiyar Lemu, suka ajiye littafin rubutu mai bango ruwan lemu a ɗakin hutawar ɗalibai, kowa in ya zo sai ya rubuta abin da ke ransa, na baya ya karanta. Akwai kuma faɗuwar rana, wadda ita ma launinta ke nan, kuma shirin yana son tsayar da su a gabanta. Ni dai na ɗauki lemun a matsayin shekarun da ake magana a kansu: da zaƙi, da tsami, kuma ba ya jure ajiya.

Da gaske sunan jarumin Kai?

Da gaske, kuma sai Bahaushe ya yi kashi biyu ko uku kafin ya daina murmushi. Duk lokacin da aka kira shi ji za ka yi kamar da kai ake, ko kuma wani ne ya ga abin mamaki. Harafin da ake rubuta sunan da shi a Japananci yana nufin filafilin tuƙa kwalekwale. Keita kuma ba shi da alaƙa da Keitan ƙasar Mali, sunaye ne suka yi karo. Sunan Sae gaɓa biyu ne, Sa-e, kusa da yadda za mu ce Sa'e.

Sae irin jarumar nan ce da ake sa mutum ya yi ta tausaya mata?

Ko kusa. Wannan ne ma ya sa shirin bai ruɓe ba har yau. Mun saba, a finafinanmu da na Indiya, in aka kawo mai larura sai a mai da shi tulun haƙuri: ba ya fushi, ba ya zagi, ana cutarsa yana hawaye yana yafewa. Sae ba haka take ba. Tana da tsiwa, tana da girman kai, tana ashar da hannu, irin ashar ɗin da sai Kai ya yi turus ya rasa yadda zai fassara wa jama'a. Tana sane da kyawunta, tana kuma sane da cewa samari na biyo ta ne har zuwa lokacin da za su gane ba ta ji, sai su sulale. Saboda haka ta koyi riga su gudu.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne alheri irin na tausayi. In ta ga alamar ana taimaka mata ne don a ji daɗin an yi aikin lada, sai ta watsa wa mutum ƙasa a ido. Akwai wurin da ta fashe wa Kai, hannuwanta na rawa saboda sauri, tana tambayar me ya sa ita, me ya sa kunnenta, alhali duniya cike take da mutanen da kiɗa bai dame su ba. Ba a sa ta yi magana mai daɗin ji ba, an bar ta ta faɗi abin da mai ciwo kan faɗa cikin dare in ba kowa. Kai kuma bai ce mata ta yi haƙuri ba. A wurare da yawa ma faɗa yake mata, yana gaya mata ta daina ɓuya a bayan kurumta. Wannan faɗan ne ya sa ta fara yarda da shi, domin shi kaɗai ne bai ɗauke ta ƙwai ba.

Shibasaki Ko mawaƙiya ce mai murya, amma a nan an hana ta amfani da ita kusan gaba ɗaya. Da gira da haɓa da ido ta yi aikin. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma ban san wani wasa da ya fi wannan cika karin maganar ba.

Ita 'yar wasan kurma ce?

A'a. Ita da sauran duk masu ji ne, koyon maganar hannu suka yi domin shirin. Wannan ya daɗe yana jawo ƙorafi daga kurame a Japan da ma wasu ƙasashe: ana cin kasuwa da labarinsu, amma ba a ba su manyan gurabe. Ƙorafin yana da tushe. Abin da za a iya faɗa a kare wannan shirin shi ne Sae ba da kurumta aka haife ta ba, ta girma tana ji tana magana, don haka hannunta ba zai yi kama da na wanda ya tashi a cikin kurame ba ko a zahiri.

Kurman Kano ko na Damagaram zai fahimci maganar hannun da ake yi a ciki?

Zai tsinci kaɗan, irin abin da kowa zai gane, kamar ci da sha da barci, amma ba zai bi hirar ba. Mutane da yawa suna zaton maganar hannu ɗaya ce a duk duniya. Ba haka ba ne, kowace al'umma ta kurame da harshenta. Japanawa suna kiran nasu shuwa. Ya samo ƙarfinsa ne daga makarantar kurame ta farko da aka buɗe a birnin Kyoto a 1878, kuma danginsa na kusa su ne na Koriya da Taiwan, saboda Japan ta mulki ƙasashen biyu kafin 1945. A wurinsu babban yatsa namiji ne, ƙaramin yatsa mace, kuma in aka haɗa su an ce aure ke nan. Da zarar ka riƙe wannan, za ka fara gane wasu abubuwa kafin fassara ta fito.

A wurinmu kuma abu biyu ne. Akwai maganar hannu ta gargajiya da kuramen ƙasar Hausa suka gada, wadda ake yi a kasuwa da majalisa, har masu ji da yawa suna iya taɓawa. Akwai kuma ta makaranta, wadda ta samo asali daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makarantu a Gana a 1957 da Ibadan a 1960. Ko ɗaya daga cikin biyun ba ta haɗa dangi da ta Japan ba.

Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne, a lokacin da aka yi wannan shirin, dokar Japan ba ta ma amince da shuwa a matsayin harshe ba. An shafe shekaru masu yawa, tun daga shekarun 1930, makarantun kurame suna tilasta wa yara karanta leɓe da ƙoƙarin furuci, suna hana su amfani da hannu. Sai a 2011 aka gyara dokar masu larura aka sanya maganar hannu cikin harsuna, jihar Tottori kuma ta zama ta farko da ta yi dokarta ta musamman a 2013. Wasannin talabijin sun taimaka wajen sauya tunanin jama'a. A 1995 kaɗai an yi guda biyu da suka yi tashe da jarumai kurame, har ajujuwan koyon shuwa suka cika da masu ji.

Me ya sa samarin ke yawo cikin baƙar kwat iri ɗaya, kamar masu zuwa jana'iza?

Neman aiki suke yi, kuma a Japan neman aiki wani yanayi ne mai lokacinsa, kamar damina. Suna kiransa shukatsu. Manyan kamfanoni suna ɗibar sababbin ma'aikata ne sau ɗaya a shekara, kai tsaye daga jami'a, tun ɗalibi bai gama karatu ba. Ɗalibi zai sayi kwat mai duhu, ya aske ko ya mai da gashinsa baƙi in ya rina, ya riƙa cike takardu yana zuwa ganawa daga wannan kamfani zuwa wancan. Wanda ya dace sai a ba shi alkawarin aiki, naitei. Ya kammala a watan Maris, ya kama aiki ranar 1 ga Afrilu tare da duk sa'o'insa a faɗin ƙasar.

Daɗin tsarin shi ne wanda ya samu ya huta, ba zaman jiran tsammani bayan digiri. Mugun abinsa kuma shi ne jirgin sau ɗaya yake tsayawa. A zamanin shirin, wanda ya kammala ba shi da alkawari a hannu ya fita daga layin sababbi, kuma komawa ciki da wuya. Bayan tattalin arzikin Japan ya faɗi a farkon shekarun 1990, kamfanoni suka tsuke ƙofa, har aka raɗa wa shekarun daga wajen 1993 zuwa 2005 suna zamanin ƙanƙarar neman aiki. Dubban matasa suka maƙale a ayyukan wucin gadi na shaguna da gidajen abinci. Orange Days ya fito ne a wutsiyar wannan zamanin, don haka fargabar da ke fuskar Kai in ya fito daga ganawa ba ta wasa ba ce ga masu kallon 2004, tasu ce ko ta ƙannensu.

Duk wanda ya gama bautar ƙasa ya ɗauki takardu a ambulan yana zagaya ofisoshi zai gane fuskar nan. Bambancin kawai, shi Kai ya san ranar da ƙofar za ta rufe.

An ce labari ne na matasa masu bin burinsu. To wa ya cim ma nasa?

A nan ne nake ganin bayanin da ake yi wa shirin a taƙaice ya yi masa ƙarya kaɗan. In kana jiran ka ga Sae a kan dandamali, dubban mutane na tafi, jinta ya dawo, to ba shirinka ba ne. Burinta ya mutu tun kafin kashi na ɗaya, abin da muke kallo zaman makoki ne da abin da ke biyo bayansa. Ta gwada komawa ga gogenta a cikin ƙungiyar makaɗa, abin ya ƙi, domin goge ba shi da alamar inda za ka danna, kunne ne ke gaya wa yatsa ya yi daidai ko ya kauce. Sai ta koma fiyano, wanda kowane sauti yana zaune a maɓallinsa, ko ka ji ko ba ka ji ba. Ta samu aikin kaɗawa a zauren wani otal, inda mutane ke shan shayi suna hirarsu ba mai saurare. Ga yarinyar da aka yi wa hasashen manyan zaurukan duniya, wannan faɗuwa ce. Shirin bai ɓoye hakan ba, amma ya nuna ta tana shiryawa aikin da gaske, tana tsoron kuskure, tana murna in ta yi daidai.

Shi kuma Kai matsalarsa akasin tata ce. Ita tana da buri an ƙwace, shi ba shi da ko ɗaya. Neman aiki yake saboda lokacin nema ya yi, kowa na nema. Da alkawarin aikin ya zo hannunsa ne ma ya gane ba ya so. A ƙarshe ya karkata ga aikin jinya na farfaɗo da waɗanda ciwo ko haɗari ya nakasa, masu koya wa mutum yadda zai sake riƙe cokali ko ɓalla maɓallin riga. Hakan na nufin komawa aji bayan digiri, ga ƙarancin kuɗi, abokai kuma sun fara karɓar albashi. Ba wanda zai kira wannan babban buri a bakin kasuwa. Amma nasa ne, kuma zamansa da Sae ne ya tono shi.

Abin da shirin ke bi, a ganina, shi ne yadda buri ke canza girma a hannun mutum tsakanin shekara 21 da 22, da yadda ake rabuwa da babba a rungumi ƙarami ba tare da mutum ya raina kansa ba.

Sauran ukun fa?

Shohei, wanda Narimiya Hiroki ya fito a matsayinsa, shi ne ɗan gayun ƙungiyar, mai sauya 'yan mata, mai yi wa komai dariyar raini. Yana ɗaukar wa wani mai hoto kaya yana son zama mai hoto shi ma, amma ba ya so a san yana so, don kada a ga faɗuwarsa. A gida kuwa wani mutum ne daban, yana kula da ƙanwarsa mai larurar ƙafa. Ueno Juri ce ƙanwar, tun kafin ta yi suna da wasan talabijin na Nodame Cantabile a 2006.

Akane, wato Shiraishi Miho, aminiyar Sae ce kuma bakinta a cikin jama'a. Ita ce mai hankalin, mai tattara kowa, kuma shirin ya yi adalci da ya tambayi abin da ba a cika tambaya ba: mai rakiya, yaushe za ta yi tata tafiyar? Keita kuma, wanda Eita ya taka, mutumin kirki ne har ya yi yawa. Yana son Akane, Akane na kallon Shohei. Son maso wani ƙoshin wahala. Shi ne wanda sana'ar gidansu ke jira, kuma shi ne ya fi ba ni tausayi, fiye da Sae nesa ba kusa ba.

Wace ce marubuciyar?

Kitagawa Eriko 'yar jihar Gifu ce, an haife ta a 1961, kuma a shekarun 1990 ba wanda ya kai ta iya rubuta soyayyar talabijin a Japan. Ita ta rubuta Long Vacation a 1996, da Beautiful Life a 2000, wanda kashinsa na ƙarshe ya tara kashi 41.3 cikin ɗari na gidaje masu talabijin a yankin Tokyo. Jarumar Beautiful Life tana kan keken guragu ne. Ɗaya daga cikin wasannin kurame biyu na 1995 da na ambata ma nata ne, inda jarumin mai zane ne da ba ya ji. Wasu na sukarta da cewa ta mai da larura kayan miyar soyayya, kuma sukar ba ta rasa gaskiya ba. Sai dai daga baya ita kanta ta rasa jin kunnenta na hagu, ta kuma rubuta wa tashar NHK wasan safe a 2018 mai jaruma irin haka.

Me ya sa kashi 11 kawai? Ba zango na biyu?

Babu. Tashoshin Japan sun raba shekara gida huɗu, sababbin wasanni na farawa a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, kowanne ya yi wata uku ya sauka. Kashi 10 zuwa 12 ke nan, kowanne ƙasa da awa ɗaya. Wanda ya saba da shirye-shiryenmu masu dogon zango, inda ake shekara ana jan rigimar gado guda, zai ji kamar an katse masa cin tuwo. Amfaninsa shi ne marubuci ya san inda za shi tun daga ranar farko.

Akwai waƙa da rawa?

Babu rawa, ba kuma jarumin da ke ɓarkewa da waƙa a gona. Waƙa ɗaya ce ke bin shirin, mai suna Sign, ta ƙungiyar mawaƙa ta Mr. Children, kuma ita ta lashe babbar lambar yabon waƙoƙin Japan a ƙarshen 2004. Sunan ya dace, tunda alama yake nufi. Sauran sautin kuwa fiyano ne da goge, da shiru mai yawa. A wasu wuraren ba abin da za ka ji sai motsin hannun riga.

Za a iya kallonsa tare da iyali?

Gara in faɗa muku gaskiya tun yanzu. Rayuwar ɗaliban Tokyo ce, ba ta Zariya ba. Suna shan giya in sun taru, domin dokarsu ta halatta daga shekara 20. Akwai sumba, samari da 'yan mata suna keɓewa, akwai alamun kwana tare, kuma Shohei ba waliyyi ba ne. Shi ma Kai yana da budurwa, Maho, wadda ta girme shi, a farkon labarin. Ba a nuna tsiraici, kuma in aka gwada da abin da ake nunawa a wasannin Amurka wannan mai kunya ne ƙwarai. Duk da haka ba abin da zan kunna a falo gaban Baba ba ne, ba kuma na yara ba ne.

Shiri na 2004 bai tsufa ba?

Wayoyin sun tsufa. Irin masu murfin nan ne da ake buɗewa a rufe, kuma gashin samarin zai ba ku dariya. Amma ku lura da aikin da wayar ke yi. Saƙon rubutu ne ya ba Sae damar kiran mutum daga nesa ba tare da ta nemi wani ya yi mata magana ba, abin da kurma bai samu ba a zamanin wayar tangaraho. Sai dai ba sa kiran bidiyo, don haka in ana son magana ta gaske dole a zo a tsaya ido da ido. Rabin gudun da Kai ke yi a titi dalilinsa ke nan. Da yau ne, da kiran bidiyo ya kashe wuraren da suka fi kyau a shirin, irin inda suke hira daga nesa, ko ta bayan gilashi, jama'a na wucewa ba wanda ya san me ake cewa.

Ba abin da ya gaza a ciki?

Akwai. Kai yana yawan maimaita abin da Sae ta faɗa da hannu da baki, domin masu kallo, alhali ga rubutu a ƙasa. Ba mai yin haka a hirar gaske, kuma yana gundura. Abokan ma sun iya maganar hannu da saurin da ba ya yiwuwa, wata biyu sun zama gwanaye. Kashi na takwas zuwa na goma kuma sun cika da tsofaffin dabaru: ga wani namiji mai kuɗi da ya fi dacewa da ita a idon uwa, ga tafiya ƙasar waje, ga rabuwar da magana ɗaya za ta iya hanawa. Maho ma an sallame ta da sauƙi, an ba ta wani saurayi domin kada mu zargi Kai. Na so a bar shi ya ɗauki laifinsa.

Sai na iya Japananci?

A'a, amma ku duba fassarar da kuka samu kafin ku zauna. A ainihin shirin, duk abin da aka faɗa da hannu ana rubuta shi a allo da Japananci. Wasu masu fassara suna bin murya kawai su tsallake wannan rubutun, sai ka ga Sae na ta zuba ba ka san me take cewa ba. Ku gwada wurin fitarsu ta farko: in hannunta na motsi ba rubutu a ƙasa, ku nemi wata. Wannan ne kuma ya sa shirin zai yi wuyar juyawa zuwa Hausa da murya yadda ake yi wa na Indiya, domin duk wanda ya ɗora wa Sae murya ya rushe ginin. Ba kuma shirin da za a kunna ana yanka albasa ba ne. Ka ɗauke ido na minti ɗaya, an yi faɗa an shirya ba ka sani ba.

Yaya ya ƙare? Sun yi aure?

Wanda bai kalla ba ya tsaya a nan.

Ba a nuna aure ba, wasannin Japan ba su cika rufewa da biki ba. Ɗan jin da ya rage wa Sae ya ci gaba da raguwa, ta bi mahaifiyarta, wadda ita ma makaɗiyar fiyano ce, zuwa Jamus, ta yanke hulɗa da Kai don kada ta zame masa kaya. Lokacin bikin kammala karatu ne ya sake haɗa su. Akane da Shohei sun daidaita, Keita ya ɗauki jakarsa ya koma garinsu, ƙungiyar ta watse kamar yadda ta kowane aji ke watsewa.

Jinta bai dawo ba. Abin da ya dawo shi ne muryar da ta ɓoye shekaru, don tana kunyar fitar da sautin da ita ba za ta ji ba. A wurin ƙarshe, da safe, Kai ya kama hanya zai fita, ya ba ta baya, inda hannu ba shi da amfani tunda ba ya kallonta. Sai ta buɗe baki, muryar na karkarwa, ba ta fita daidai, ta kira sunansa, ta yi masa sallamar da Japanawa ke yi wa mai fita daga gida, kwatankwacin a dawo lafiya. Kalmar farko da Bahaushe zai ji daga bakin Sae bayan kashi 11, da Hausa ma tana da ma'ana: Kai.